Macen Tuje a Saurar Kaka

Shekaranjiya maƙwabciyata a nan Birnin Konni ta haihu, aka ɗora mata tukunyar wankan jego. Da hantsi ina shanya sai iska ta ɗebo ƙamshin ganyen sabara mai tafasa, ta tsallako katanga da shi. Na tsaya da zane a hannu. Ba wani ƙamshi ne mai daɗi ba, akwai ɗan ɗaci a cikinsa, amma ni ko a cikin barci na ji shi zan gane shi. Na leƙa na tambayi tsohuwar da ke iza wuta inda ta samo ganyen. Ta ce saye ta yi, wani mai amalanke ne ke kawowa daga nesa. A garinmu, lokacin ina yarinya, da ka ce za ka sayar da sabara da an yi maka kallon mai taɓin hankali.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Tajaye. In ka fita gabas ka wuce gonakin gero, kafin ka kai tudun jan dutse, akwai wata gona ta kakanmu da aka bar ta ta huta tun yana da rai. Ya rasu ba a koma mata ba, matarsa kuma, wato kakata ta wajen uba, ta hana a sa mata gatari. Saboda haka kowa ke kiran wurin saurar Kaka. Baƙo ba zai ga komai a cikinta ba. Sabara ce mai launin toka da geza da anza, sai ƴan itacen ƙaro jefi-jefi, duk gajeru, babu wadda za ta ba raƙumi inuwa. Kai mai karatu, in a mota ka taɓa ratsa irin wannan daji, na san abin da ka ce a ranka: wannan ai wofi ne. Ni ma haka na ɗauka har sai da Kaka ta koya mini zama shiru.

Ita ce ungozomar garin, can take zuwa ɗibar ganye da saiwa. Ni kuma nake kai awakinmu kiwo ranakun da babu lakwal, wato makaranta. Takan zaunar da ni a gindin geza ta ɗora hannu a kan gwiwata, alamar kada in motsa. Da farko ba ka jin komai sai ƙudaje. Can sai dajin ya manta da kai. Fakara ta fito da sanɗa tana tonon ƙasa. Kurege ya miƙe tsaye a bakin raminsa kamar mai jiran baƙi. Zabin daji su biyo juna a jere suna ƴan gunaguni, cilakowa ta sauka a reshe tana karkata kai. Da sassafe akan ga sawun yanyawa da na bushiya a kan rairayi, zomo kuwa sai ka kusa taka shi sannan ya zabura. Kaka ta ce da aka kawo ta amarya barewa na shigowa har cikin wake. Ni ban ga barewa ba, ta riga ta zama labari.

Kaka ba mai yawan bayani ba ce. Sau ɗaya ta tona gindin wata sabara da sandarta, ta nuna mini yadda ƙasa ta taru a wurin, baƙa mai laushi, alhali gefe duk tsakuwa ce. Ta ce, “Wagga ƙasa ta gonar wani ce. Iska ta kwaso ta, sabara ta riƙe.” Ta mayar da ƙasar ta rufe, muka wuce.

Sai shekarar fara. Gero ya fitar da kai, mutane har sun fara gyaran rumbuna, ta sauko mana. Ba zan tsaya ba ka labarinta ba, duk wanda ya rayu a wannan yanki a lokacin yana da nasa. Abin da na fi tunawa shi ne tsuntsaye. Shamuwa da balbela da shirwa suka taru a kan gonaki suna ci har suna kasa tashi, amma ina, abin ya fi ƙarfinsu. Daga baya aka zo aka yi feshi. Fara ta mutu, muka yi murna. Bayan ƴan kwanaki na fara tsintar balbelu a bakin saura, farare tas, ƙafafu a sanƙare. Na kai wa Kaka ɗaya. Ta juya ta a hannu ta daɗe, sannan ta ce in haƙa rami in binne, kada kare ya ci.

Tun kafin bazara rumbunmu ya nuna gindi. Samari suka tafi ci rani Najeriya, waɗanda suka rage suka faɗa wa daji. Ba sara kawai ake yi ba, tonewa ake yi har saiwa, don kututturen sabara yana ci da kyau a murhu, kuma ana sayensa a bakin hanyar Malbaza da Konni. Ban ga laifin kowa ba. Mai ƴaƴa na kuka ba ya tambayar itace ko na wane ne. Amma kowace safiya ƙarar gatari takan ƙara matsowa kusa da mu. Dajin arewa ya tafi, na kudu ya bi shi, har saurar Kaka ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar fili kamar gashin da wanzami ya manta. Duk abin da aka kora daga wani wuri sai ya gudo cikinta. Zabi suka yi yawa har suna faɗa da juna. Na taɓa ganin dila da rana tsaka, a tsaye, bai ma san inda zai nufa ba.

Shanun Fulani ma suka yi ta faɗuwa a burtali. Da can in dabba ta mutu, kafin la'asar ungulaye sun share ta. A wannan shekara mushe kan kwana ya wuni yana wari, sai karnuka da ƙudaje. An ce wasu na zuba wa mushe guba don su kama ungulaye su sayar da kawunansu ƙetaren iyaka. Ban gani da idona ba, amma na ga sama babu su.

Ruwa ya yi jinkiri, sannan ya sauka. Muka yi shuka da irin da aka ranto. Wannan ne lokaci mafi wuya, gero na ƙasa yana tsiro, ciki kuma babu komai. Muna cin ƴaƴan anza da aka jiƙa kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin, da ganyen tafasa da ɗan garin rogo in an samu. Ƙanena, wanda aka yaye bai daɗe ba, ya daina wasa. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka fara kumbura. Mahaifiyata takan danna yatsa a bayan ƙafarsa ta tsaya tana kallon ramin da ya ƙi cikewa.

A cikin waɗannan kwanaki na ga tujen. Ina bin wata akuya da ta ɓalle, sai wani abu ya miƙe daga cikin ciyawa a gabana, dogon wuya mai launin toka, tsayinsa ya kusa kai ƙirjina. Bai tashi sama ba. Ya yi tafiyarsa a hankali, kai a ɗage, yana waiwayena da ido ɗaya. A inda ya tashi na ga ƙwai biyu a kan ƙasa tsirara, ba sheƙa ba komai, manya, masu launin ganyen da ya fara bushewa. Na bar akuyar na ruga gida.

Kaka na tsinke tafasa. Na raɗa mata. Hannunta ya tsaya.

Ta ce, “Wa kinka gaya ma?”

Na ce babu kowa.

Ta ce, “Macen tuje ce. Rabona da ganin ƙwanta tun ubanki na goye. Dajin duniya ya ƙare mata, shi ya sa ta zo namu. Ki riƙe bakinki.”

Na riƙe. Kullum nakan kora awaki can nesa da wurin, in zauna inda nake hango kan sabarar da take kwance a gindinta. In shirwa ta yi shawagi sai gabana ya faɗi. In na ji muryar mutum, haka. Ban taɓa ɗaukar wani abu mai nauyi a raina irin wannan ba, ga yunwa, ga tsoro a kan tsuntsuwar da ba ta ma san ina yi ba.

Ranar kasuwa wani baƙo ya zo da mota daga ƙetaren iyaka, da keji babba a baya. Mutum ne mai fara'a, ya gaida dattawa da ladabi. Ya ce yana neman manyan tsuntsaye da rai, gauraka ko tuje, akwai masu hali a birni da ke ajiye su a gidajensu don ado. Wanda ya kawo masa tuje zai ba shi buhun hatsi. A wannan damina buhun hatsi rai ne. Wani ya ce ai ya ga kamar tuje ya sauka wajen saurar Kaka. Kafin azahar maganar ta iso gidanmu.

Baba ya dawo daga gona ya jingine hauya, bai nemi ruwa ba. Sunan Kaka aka sa mini, saboda haka ba ya kiran sunana. Ya ce, “Uwata, zo nan. Ke ka kiwo can. Kin gane ta?”

Na dubi Kaka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙanena na kwance a kan ƙafafunta.

Ta ce, “Gaya mishi. Ba a yi ma uba ƙarya don tsuntsu.”

Na gaya masa, ina kuka. Mahaifiyata ta fito daga madafa ta tsaya. Na ga yadda fuskarta ta buɗe, karo na farko a cikin makonni.

Baba ya ce, “Inna, kin ji abin da mutumen ga ya ce.”

Kaka ta shafa kan yaron. Ta ce, “Na ji. Ɗanka ne, ni kuma jikana ne, ni na yanke mishi cibi. Ba ni ce maka kar ka kama ta. Buhu shina ƙarewa kahin gero shi nuna, ita ko in ta tahi ta tahi ke nan, babu wata bayanta. Amma kai ka da gida. Abu guda ni ka roƙo, tahi ka gane ta da idonka kahin ka ɗana tarko.”

Washegari bayan sallar asuba muka fita ni da shi. Ya riƙe igiyar tarko da ya murɗa da gashin wutsiyar doki. Raɓa ta jiƙa mana ƙafafu. Na kai shi bayan wata geza muka kwanta rub da ciki. Rana ta ɗan ɗaga, sai ta miƙe. Ta tsaya ta dubi gabas da yamma, ta sunkuya ta juya ƙwan da bakinta a hankali, sannan ta taka zuwa bakin saura inda geronmu ya fara. Ƴaƴan fara da suka ƙyanƙyashe bayan ruwa suna ta tsalle a wurin. Ta bi kunya tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mace mai tsintar wake. Ba ta daɗe ba ta komo ta kwanta, ta shimfiɗa wuyanta a ƙasa har ta ɓace a cikin ciyawa.

Ina jin numfashin Baba a kusa da kunnena. Tarkon ba shi da wuya, a bakin ƙwan kawai za a ɗana, dole ta komo. Muka daɗe a haka har rana ta fara cizon bayana. Can ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

Ya ce, “Tana bisa ƙwai.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, a ranar da kuma bayanta. Ban sani ba ko farar da ya ga tana ci ce ta taɓa shi, ko maganar uwarsa, ko kuwa tsohuwar ƙa'idar maharba da ya ji tun yana yaro, cewa ba a taɓa mai ciki da mai ƙwai. Muka koma gida. Ya kwance jakinmu ya kama hanyar kasuwa.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. Jakin nan shi ke ɗebo mana ruwa daga rijiya mai nisa, shi ke kai taki gona. A shekarar kuma dabba ba ta da daraja, kowa sayarwa yake yi. Abin da Baba ya samu bai kai buhu ba. Ya sayo masara, da ragowar kuɗin ya sa mahaifiyata da ƙanena a mota zuwa likita a Konni, inda ake kwantar da yara masu irin wannan ciwo. Kafin ta hau, mahaifiyata ta dube shi a gaban mutane, ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ta ce, “Jaki don tsuntsu. In yaron ga…” Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara goyonta ta shiga.

Baƙon bai tafi ba. Ya sauka a garin da ke gaba da mu, yana zagayowa. Magidanta da na sani, iyayen ƙawayena, suka fara ratsa saura wai neman ganye suke yi. Na fara tsintar tarkuna a hanyoyin zabi. Da na gaya wa Kaka sai ta ɗauki tabarma da sanda da butarta, ta je ta shimfiɗa a bakin saura ta wajen gari. Tun fitowar rana har faɗuwarta tana nan, tsohuwa mai ciwon gwiwa, cikinta babu komai sai ruwan tafasa. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Duk wanda ya nufo sai ta gaishe shi da sunan uwarsa, ta tambayi lafiyar ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu a hannunta suka faɗo duniya. Sai mutum ya durƙusa ya amsa gaisuwa, ya sosa ƙeya, ya juya. Amma saura tana da baki huɗu, Kaka kuwa ɗaya ce.

Waɗannan kwanaki ban san yadda zan kwatanta maka su ba. Da safe in duba ko tsuntsuwar na nan, da yamma in tsaya bakin hanya ko wani ya zo da labari daga Konni. A raina abubuwan biyu suka haɗe. Na riƙa jin kamar in ɗaya ya tsira ɗayan zai tafi, kuma ban san wanne nake roƙa ba in na ɗaga hannu. Baba ya rame, yana ɗauko ruwa a kai kamar mace, ba ya haɗa ido da kowa.

Ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe, ɗayan ya lalace. Na ga ɗan sau biyu, ɗan mitsitsi mai zane-zane kamar ƙasa, yana bin uwar da gudu, in ta yi wani ƙaramin sauti sai ya lafe ka neme shi ka rasa. Na kai Kaka ta gani. Idonta ya riga ya yi rauni, ban tabbata ta gan shi ba, amma ta ce ta gani.

Sai wata safiya na je babu su. Na zagaye saurar duka, gindi bayan gindi. Ba gashi, ba jini, ba alamar kokawa. An yi ruwa a daren, ya shafe duk wani sawu. A cikin kwanakin ne kuma motar baƙon ta bar yankin. Wasu suka ce sun ga kejin a rufe da zane, wani abu na motsi a ciki. Wasu suka rantse fanko ya tafi da shi yana ƙorafi. Kaka ta ce tuje kan janye ɗanta zuwa wani wuri da zarar ya yi ƙafa. Na tambaye ta wane wurin, tunda babu sauran daji. Ta naɗe tabarmarta ta kama hanyar gida. Har yau ban san gaskiyar abin ba.

Ƙanena ya dawo da rai lokacin da gero ya fara nuna, ya rame amma yana dariya. Mahaifiyata ta daɗe ba ta sake wa Baba fuska ba. Shekaru ya yi yana kai taki gona a kansa kafin ya sake mallakar jaki. Tuje kuwa bai ƙara sauka a ƙasarmu ba.

Wuraren da aka tone saiwarsu suka zama fako, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Kwari ya ɓalle ta arewa yana cin gonaki kowace damina. Ɓeraye suka yi yawa a rumbuna, fara ƙanana kuma ta zama ta kowace shekara, sai an sayi magani. Mutane suka gane da kansu, ba wanda ya yi musu wa'azi. Yanzu in ka je za ka ga manoma na barin tohon sabara a cikin gero suna gyara shi maimakon su sare, wasu na haƙa ƴan ramuka a fako suna zuba taki don ƙasa ta farfaɗo. Itace na dawowa a hankali. Amma itace yana da saiwa a ƙasa da zai toho daga gare ta. Tsuntsun da aka ƙarar ba ya barin saiwa.

Kaka ta rasu da daɗewa. Baba ya riƙe saurar yadda ta bar ta, har shi ma ya bi ta bara. Har yanzu akwai fakara da zomo a ciki, da ƴan zabin da ba su kai a kira su garke ba, kuma duk yankin nan ne kawai ake jin kukansu da safe. Bayan girbi mai zuwa za a raba gado. Mu da yawa ne, gonakin sun yi wa ƴan'uwana kaɗan, kowannensu da iyali. Na san abin da za su yi da rabonsu, kuma ba ni da bakin hana su. Ƙanena, wanda yanzu shi ma uba ne, ya ce zai bar nasa in na bar nawa, a haɗa su gefe guda. Na amsa masa. Tun daga ranar nake auna wurin a raina, rabon namiji ɗaya da rabin rabo na mace, a tsakiyar gonaki. Na tambayi wani tsohon maharbi ko wannan zai ishi zabi su yi ƙwai su ƙyanƙyashe. Ya yi lissafi, sannan ya ce in dai ba a kawo karnuka ba, wataƙila.